Giginyar da Ke Bakin Gaɓa

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Igiyar shanya ta tafi. Ba ita kaɗai ba, har da sandar da ke riƙe da ita, da 'yar kuyyar albasar da mijina Jakez ya gyara da kaka. Na fito da kwandon wanki a ƙugu, na tsaya ina neman inda zan rataya zanen gado, sai na ga wurin ne babu. Inda sandar take jiya, yau iska ce kawai. Can ƙasa kuma teku yana juya jar ƙasar lambunmu kamar mai dama kunu.

Ban ji faɗuwar ba. Jakez ya ce shi ya ji, wai kamar an sauke buhu daga mota. Mutumin da ko agogo ba ya tashinsa.

Giginya tana nan lafiya. Gishirin guguwa ya ƙone bakin ganyayenta na ƙasa, na jawo tiyo na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Da iska ta bi ta cikinsu sai suka yi wannan ƙarar tasu, kamar ruwan sama a kan rufin wani gida mai nisa.

Zanen na shanya shi a kan kujerun kicin.

Laraba, 5 ga Maris, da yamma

Magajiyar gari ta zo da wani saurayi mai hular kwano da na'urar awo. Shi ya nufi lambu, ita ta zauna a kicin. Ta ce ba ta shan kofi, daga baya ta sha.

"Madam Riou, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Gaɓar nan ƙasa ce, ba dutse ba. Kafin babbar cikar teku ta ƙarshen wata, ina so a ce babu mai kwana a gidan nan."

Ta ce an sama mana ɗaki biyu da falo a garin Lannion, hawa na biyu, kusa da kasuwa. Jakez sai gyaɗa kai yake kamar ɗan makaranta.

Na ce, "Da lambu?"

"Akwai 'yar baranda. Za ta ɗauki tukunyar fure biyu, ko ma uku."

Na yi dariya. Ban yi niyya ba, ta fito ne kawai. Ta taga ina hango giginya, kanta ya wuce indararon kicin tun tuni.

Alhamis, 6 ga Maris, da sassafe

Hazo ya taso daga teku. Ba gaɓa, ba ruwa, ba shinge. Giginya kaɗai tsaye a cikin fari, kamar ita ta fara isowa duniya tana jiran a kawo sauran kaya.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan azahar

Perig ya kawo ƙaguwa biyu a bokiti. Tare suka yi aikin jirgin kamun kifi da Jakez tun suna samari, har yau bakinsa bai yi ritaya ba.

"Gwenola, ashe kin kusa mallakar gida mai ƙofa a cikin ruwa! Attajiran Paris ido rufe suke neman irinsa."

"Ci ka tashi, Perig. Kai da ƙaguwar nan ban san wanda ya fi tafiya a karkace ba."

"Ni aƙalla ina tafiya. Ke kin yi saiwa."

Muka ci da man shanu mai gishiri da burodi, suka sha giyar tuffa. Sai Perig ya ce ya taɓa ganin an cire giginya sukutum da motar ɗaga kaya an kai ta wani otal, ta kuma rayu. Na ajiye wuƙa. Ya ce amma nan ko tarakta ba za ta wuce ƙofar lambu ba, ƙasar ta zama biskit, sai dai a haƙa da hannu a jawo daga nesa.

"A kai ta ina?" in ji ni. "Tsakar gidanka siminti ne da tsofaffin komaye."

"Ai akwai mai fili. Can wajen gonakin farin kabeji, akwai..."

Jakez ya yi tari. Perig ya dubi ƙasan kofinsa kamar an rubuta masa wani abu a ciki.

Na san wadda yake nufi. Na tashi na kwashe kwanuka.

Talata, 11 ga Maris, da hantsi

Na hau tsani na yanke busassun ganye. Waɗanda suka bushe ƙarau kaɗai nake cirewa. Mai ruwan ɗorawa a bar shi, uwar tana janye abin da ta ba shi tukuna. 'Yan tsuntsaye sun fara zuwa suna fizgar gashin jikinta don sheƙa. Kowace bazara haka suke, ba mai gaya musu labarin magajiyar gari.

Ɗana ne ya shuka ta. Yana ɗan shekara tara ya tsinto ƙwallon a gaban tashar jirgin ƙasa, ya sa a kofin yogot, ya ɗora a tagar kicin. Wata da watanni kofin nan ba komai sai baƙar ƙasa. Na sha ɗauka zan zubar. Ranar da ta tsiro, siririn abu kamar ciyawa ɗaya, ya shigo ɗakinmu a guje ba ko takalmi, ya ce, "Mama, ta yarda!"

Haka ya ce. Ta yarda.

Jakez ba ya wuce tankin ruwa. Yakan yanke ciyawa har gindin tankin, ya juya. Daga tanki zuwa gaɓa nawa ne, ban taɓa ce masa ya zo ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan.

Laraba, 12 ga Maris, da safe

Mafarki: lambun ya ɓalle daga gida, bai faɗi ba, sai ya kama tafiya a kan ruwa kamar kwalekwale. Giginya ce sandar filafilansa. Ni ina tsaye ina shanya, hankalina kwance. Akwai mai riƙe da sandar tuƙi a bayana, ina jin yana fito da baki. Na san in na waiwaya zan farka. Na daɗe ban waiwaya ba.

Asabar, 15 ga Maris, da yamma

Jakez ya fara kwashe kaya. Kullum kwali biyu ko uku a bayan mota. Yau agogon bango ya tafi, ya bar farin da'ira a jikin bangon, sai na riƙa duba lokaci a wurin.

"Nola, itace ne fa," ya ce, yana naɗe faranti da jarida, bai dube ni ba.

"Na ji."

"Za mu sayi ƙarama a tukunya."

"Saya wa kanka."

Ya naɗe wani faranti.

"To shi ke nan. In kin zauna na zauna. Sai dai ki tuna ban iya iyo ba."

Gaskiya ne. Rabin rayuwarsa a kan ruwa, bai taɓa koyo ba. Wai su masunta ba sa son ja wa kansu wahala in abin ya zo.

Litinin, 17 ga Maris, da hantsi

Akwai tsaga a ƙasa. Ba a bakin gaɓa ba. Tsakanin tanki da giginya, ta ɓangaren gida. Siririya ce, yatsa ke shiga. Na durƙusa na kara kunne, wata iska mai sanyi tana fitowa daga ciki, mai warin ƙasan teku.

Na kwaso ciyawar tekun da na ɗauraye don taki, na shimfiɗa a kai. Na baza sauran a gindin giginya yadda na saba, don kada a ga bambanci.

Talata, 18 ga Maris, da azahar

Kasuwa. Wadda Perig yake nufi ta kafa rumfarta inda ta saba, farin kabeji jere kamar kawunan jarirai. Na bi ta layin masu kifi yadda na saba. Na sayo abin da ba na buƙata.

Laraba, 19 ga Maris, da yamma

Hannu na shiga tsagar yanzu.

Alhamis, 20 ga Maris, bayan la'asar

Ina cikin ban ruwa na ji ƙofar shinge. Tun ban waiga ba na gane tafiyar, ƙafa ɗaya tana takawa, ɗaya tana biyo ta a ja. Katell. Ta yi jiki, furfura ta fara mata a goshi. A idona har yau 'yar shekara sha tara ce mai jar hula.

"Barka da yamma, Madam Riou."

"Perig ne ya aiko ki?"

"Maigidanki ne ya zo wurina."

Tiyo yana ta zuba a kan takalmina, ban kashe ba.

Ta ce tana da wuri a bayan rumbu. Katangar dutse ta tare iskar arewa, rana tana wuni a wurin, ƙasar ba ta riƙe ruwa. Ta ce mijinta Ronan yana da doguwar igiyar ƙarfe da tirela. Ta jero su a tsanake, da ji ka san ta sha maimaitawa a hanya.

Na ce, "Ba ki san abin da kike roƙo ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba."

"Ina bayan shingen can ranar da kuka sa shi, Madam. Da sanduna biyu a hammata. 'Yar'uwata ce ta sato ni daga asibiti. Na ga tulun. Shuɗi ne."

Ban san lokacin da na zauna a kan bokiti ba.

Ta ce, "Ronan ma ya sani. Ban aure shi ba sai da ya sani." Ta ɗan jira. Sannan ta ajiye kan farin kabeji ɗaya a kan tanki, ta tafi. Na daɗe ina jin ƙafar a kan tsakuwa.

Tangi. Ga shi na rubuta. Tokar gawar ɗana Tangi tana cikin ɗan tulu a gindin giginyarsa, ni da ubansa muka sa da hannunmu lokacin da tsayinta bai wuce ƙuguna ba. Yana bayan babur, Katell ke tuƙi, hanya ta jiƙe. Iyakar abin da na sani ke nan, ban kuwa taɓa neman ƙari ba.

Juma'a, 21 ga Maris, da safe

Na ce wa Jakez, "Ka je wurinta."

"Na je."

"A bayan idona."

"A gaban idonki zan je? Kin taɓa bari an ambaci sunanta a gidan nan?"

"Ita ke tuƙi, Jakez."

"Na sani, Nola. Ita ma ta sani. Duk takun da za ta yi sai ƙafar nan ta tuna mata." Ya ajiye kofi da ƙarfi har ya zuba. "Kina tsammanin ban ga ciyawar da kika rufe tsagar da ita ba? Ni da na yi shekaru ina karanta fuskar ruwa? Ko gonarta, ko teku. Babu na uku. Teku ya ci mini ƙane, ya ci mini abokai, ban ce uffan ba, sana'a ce. Amma wannan ba zan ba shi ba."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ya fita ya zauna a mota, bai tayar ba. Ina ganin ƙeyarsa ta taga har kofi ya huce.

Asabar, 22 ga Maris, da yamma

Na dafa farin kabejin. Ba don komai ba, zai lalace ne.

Lahadi, 23 ga Maris, da sassafe

Mafarkin ya dawo. Wannan karon na waiwaya. Babu kowa a wurin tuƙi, amma fiton bai tsaya ba.

Talata, 25 ga Maris, da la'asar

Na ce wa Jakez zan je kantin magani. Na ɗauki keke na bi ta hanyar gonaki. Na ce zan leƙa gonar Katell ne kawai ta kan katanga in wuce.

Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Shiru. Ba a jin teku ko kaɗan, sai kaji da wata rediyo can cikin rumbu. Ban san kunnena ya gaji ba sai da na tsaya a nan. Rana ta dafa duwatsun katangar, na jingina bayana, idona ya fara lumshewa.

Sai na ga ramin. Har sun haƙa. Ba wanda ya ce musu na yarda.

Wani dogon mutum mai jan gemu ya fito da shebur a kafaɗa, ya gan ni, ya cire hula. Katell tana bayansa. Muka tsaya cirko-cirko.

Na ce, "Wa ya haƙa wannan?"

"Ni ne, Madam," in ji Ronan.

"Rijiya za ka yi? Ya yi zurfi. In kuka binne wuyanta ruɓewa za ta yi. Inda ƙasa ta tsaya mata a can, nan za ta tsaya mata a nan. Faɗi ake so. Ka mayar da rabi, ka zuba tsakuwa a ƙasa."

"To, Madam."

"Kuma ban da takin kaji. Zai ƙone saiwa."

"To, Madam."

Katell ta juya kai gefe. Ta sa bayan hannu ta share hanci. Na hau kekena. Sai da na kai gida na tuna ban je kantin magani ba.

Alhamis, 27 ga Maris, da yamma

Na rage wa giginya ganye, kusan rabi, har da masu rai. In saiwa ta ragu dole baki ya ragu, in ba haka ba ƙishi zai kashe ta. Kowane na yanke sai na ce yi haƙuri. Sauran na tattara su sama na ɗaure da tsohon zanen gado. Ta zama kamar mace mai ɗaurin kai za ta tafi unguwa.

Na ɗaura jan zare a gefen da ke duban kudu, don a tsayar da ita yadda ta saba fuskantar rana.

Na jiƙa gindin sosai. Ruwan yana ɓacewa da sauri, ban son tunanin inda yake zuwa.

Juma'a, 28 ga Maris, da magariba

In ban rubuta yau ba gobe zan ce mafarki ne.

Sun zo da safe, lokacin da teku ya janye. Tarakta ta tsaya a waje, bakin hanya. Ronan ya ɗaura wa kowa igiya a ƙugu, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin taraktar. Perig ya ce, "Ga mu kamar awaki za a kai kasuwa. Gwenola, in na faɗa ki gaya wa matata ban taɓa son miyarta ba."

"Faɗa ka gani, ni zan yanke igiyar."

Muka shimfiɗa katako a kan tsagar. Ronan ya haye, Perig ya haye. Jakez ya zo gindin tanki da shebur ya tsaya. Ban dube shi ba. Na ji katakon ya yi ƙara a bayana, sai ga inuwarsa kusa da tawa.

Ya ɗaga kai ya bi giginya da kallo har sama. Ya ce, "Kai. Ta girma."

Aka haƙa kewaye da ita, da faɗi, ana yanke saiwa da bakin shebur mai kaifi. Saiwar giginya ba ta da uwa, dubbai ne, kamar igiyoyi. Ƙasa tana ta ɗan motsi a ƙarƙashinmu. Wani lokaci ɓangare ya zube can bakin gaɓa, muka ji saukarsa, kowa ya daskare. Sai Ronan ya tofa yawu a tafi ya ci gaba.

Wajen azahar shebur ɗin Jakez ya ce ƙwal.

Ya ajiye shi a hankali. Ya durƙusa a cikin ramin, da gwiwoyin nan nasa da ba sa lanƙwasuwa, ya riƙa share ƙasa da yatsu. Shuɗi ya bayyana, kamar faɗin tafin hannu. Sauran duk saiwa ce. Ta naɗe tulun ta ko'ina, ta sama, ta ƙasa, ta bi ta cikin hannunsa ta fito. Ko wuƙa ba za ta raba su ba.

Dā ina da niyyar in ciro shi in tafi da shi Lannion. Ban gaya wa kowa ba. Har na wanke wani ɗan gurbi a cikin kabad.

Jakez ya ɗora tafinsa a kan shuɗin. Ya ce, "Kai ne nan, yaro?" Kamar ya tarar da shi a kicin da safe. Sannan ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "A bar su tare."

Muka naɗe gindin da buhuna da tsohuwar komar Perig, aka ɗaure tam. Aka kwantar da ita a kan katako, ni ina riƙe da kanta. Sai a ja. Ronan da su Jakez dole su tsaya a gefenta suna tallafe, saura wanda zai hau tarakta.

Katell tana tsaye a bakin shinge, tun safe ba ta shigo ba. Ronan ya ce, "Katell, hau mana." Ta kai hannu ga ƙofar taraktar, ta tsaya. Fuskarta ta yi fari fat.

"Ronan, zo ka tuƙa. Ni zan riƙe."

"Da wace ƙafar za ki riƙe? Kullum ke kike tuƙa ta."

"Ba yau ba." Muryarta ta karye. "Ba da shi a baya ba."

Ba wanda ya motsa. Ina jin teku ya juyo, ya fara lasar gindin gaɓa.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Katell. Hau. A hankali dai."

Ta dube ni. Rabon da in kira sunanta tun tana da jar hula. Ta hau.

Ban taɓa ganin an ja abu da taushi haka ba. Igiyar ta miƙe, giginya ta fara zamewa a kan katako kamar jirgin da ake turawa ruwa. Ta haye tsagar. Ta wuce tanki. Ta wuce tagar kicin. Perig yana ta ihu, "Yauwa, 'yar albarka! Haka! Kamar ƙwai!" yana kuka, yana cewa gishiri ne ya shiga idonsa.

Ni da Jakez muka zauna a cikin tirela, gindin yana tsakaninmu, kanta yana lilo a baya. Katell ta bi ta tsakiyar ƙauye, tafiyar da mai keke zai wuce mu. Mutane suka fito ƙofar gidajensu. Mai burodi ya cire hula, ban san wa ya gaya masa ba. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Sararin sama yana ta wucewa a kanmu, na ji kamar mu ne a tsaye, ƙauyen ne ke tafiya.

An tsayar da ita, jan zare yana duban kudu. An tokare ta da sanduna uku. Na zuba ruwa har ƙasa ta ƙi sha.

Yau a Lannion za mu kwana.

Lahadi, 30 ga Maris, da hantsi

Perig ya bugo waya. Daga tanki zuwa gaba duk ya tafi. Ya ce har da ramin. Na ce ta yaya rami zai faɗi? Ya ce, "To, ya dai faɗi."

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

A nan motoci ne ke yin ƙarar teku. Nakan farka in ɗauka ruwa ya cika, ashe motar shara ce.

Na je gonar na kwance wa giginya zanen. Ganyayen sun sauko a gajiye. Na hau tsani na duba mashi, wato sabon ganyen tsakiya da bai buɗe ba. Duk ran itacen yana nan. Na ja layi ɗaya da baƙin alƙalami, daga jikin mashin zuwa sandar ganyen da ke kusa da shi. In layin ya rabu, mashi ya hau sama, ta kama. In bai rabu ba, sai jira.

Jakez yana riƙe mini tsani. Ya ce, "Har yaushe?"

"Ba ta da agogo."

Katell ta kawo wainar baƙin gari da ƙwai, muka ci a tsaye. Mun yi maganar ruwan sama.

Asabar, 12 ga Afrilu, da azahar

Layi ɗaya.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da la'asar

Ganye biyu sun yi ruwan ɗorawa. Ronan ya ce ko a ƙara taki, na ce a'a. Ya ce ko a kira masani, na ce a'a. Na zauna a gindinta, bayana a jikin katanga. Katell ta zo da kujera ta zauna can gefe tana gyaran albasa. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yakan yi fito in yana jin tsoro. Kin sani?"

Ban sani ba. Na ɗauka in yana jin daɗi ne.

Na ce, "Ba ni wuƙa ɗaya." Muka gama albasar tare.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da safe

Layi ɗaya har yanzu. Na daina zuwa kullum, ƙirjina ba ya ɗauka. Jakez kuwa da ya sha kofi sai ya ɗauki makullin mota, wai zai je taya Perig gyaran koma. Yana dawowa da baƙar ƙasar gona a takalmi. Gidan Perig siminti ne.

Juma'a, 9 ga Mayu, da hantsi

Ina baranda ina kallon rumfunan kasuwa, waya ta yi ƙara. Jakez. Yana haki, ina jin kaji a bayansa.

"Kana ina?"

"A kan tsani."

"Da gwiwoyin nan? Wa ke riƙe maka?"

"Katell. Nola, ki saurara." Ya ja numfashi. "Ya motsa."

Ban tambaye shi wa ba.

"Kamar nawa?"

"Kamar faɗin farce. A'a, ya fi. Katell, zo ki gani... a'a, kar ki saki tsanin!"

Na ji dariyarta daga nesa, na ji tasa. Na ce kada ya kuskura ya sauko, kada kuma ya taɓa komai. Motar ƙauye tana tashi daga bakin kasuwa, ga ta can ina hango ta, direban yana shan taba. Bari in nemo takalmina.